Yaro mai galahanga da kayan lambu a makaranta: tambayoyin iyaye da malamai

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin iyaye da malaman yara masu lalurar galahanga, wadda a asibiti ake kira otizim. Sun fi tasowa a farkon zango, lokacin da kular abinci ta fara dawowa gida yadda ta tafi, ko kuma an cinye shinkafa an ture karas gefe. Ina cewa "yaro" ne don sauƙin magana, amma duk abin da ke nan ya shafi 'ya mace ma.

Me ya sa yara masu galahanga da yawa ba sa yarda da ganye da sauran kayan lambu?

Babban dalili shi ne yadda jikinsu ke karɓar ɗanɗano da wari da taɓi. Ɗan baurin da muke ji a ganyen zogale, shi yana iya jin sa kamar maɗaci. Yauƙin kuɓewa, zaren alayyafo da ke maƙalewa a haƙori, ruwan tumatir da ke fashewa a baki ba zato, warin dafaffen kabeji, kowanne yana iya tayar masa da zuciya tun lomar ba ta kai bakinsa ba.

Na biyu shi ne son komai ya zauna yadda aka saba. Biskit ɗin jiya shi ne na yau, launi ɗaya, girma ɗaya, ƙara ɗaya a baki. Tumatir kuwa yau zaƙi, gobe tsami. Miyar da uwa ɗaya ta dafa a tukunya ɗaya ma ba ta fitowa iri ɗaya kwana biyu a jere. Yaron da duniya ta riga ta yi masa yawa da hayaniya yakan riƙe abincin da ba ya ba shi mamaki. Shi ya sa za ku ga abincinsu yakan zama fari-fari: farar shinkafa, burodi, taliya, Indomie, soyayyen dankali, gayan tuwo.

Wannan ba sabon abu ba ne ga likitoci. Tun a 1943, da likita Leo Kanner na Amurka ya rubuta bayanin yara 11 da aka fara siffanta lalurar da su, ya ambaci wahalar ciyarwa a tarihin wasu daga cikinsu. A 2013 kuma masu bincike a Atlanta suka haɗa sakamakon nazari 17, suka ga cewa yiwuwar samun matsalar cin abinci ta ninka kusan sau biyar a yara masu galahanga idan aka kwatanta da sauran yara.

Kakarsa ta ce shagwaɓa ce kawai. Ta yaya za mu bambanta?

Yara da yawa suna tsirfar abinci tsakanin shekara biyu zuwa shida. Amma mai tsirfa yakan ƙi alayyafo yau, bayan mako biyu ya ci, ko ya ƙi a gida ya je maƙwabta ya share kwano. Wanda muke magana a kansa dabam ne. Abincin da yake ci ba shi da yawa, sau da dama bai kai kala ashirin ba, kuma raguwa yake yi. In ya bar wani abinci, da wuya ya koma masa. Yana kakarin amai da ganin wani abu ko jin warinsa. Yana iya ƙin shinkafar da ya saba ci don kawai an canza kwano, ko miya ta taɓa gefenta.

Idan abin ya yi tsanani har ya taɓa girma ko lafiya, likitoci suna da suna gare shi, ARFID, wato matsanancin ƙin abinci, wanda ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 2013. Kaka ba da mugun nufi take faɗa ba, ta raini yara goma ba ta ga irin wannan ba. Ku zaunar da ita ta kalli fuskarsa lokacin da aka kawo masa miyar kuɓewa. Mai shagwaɓa yana satar kallon uwarsa ya ga ko za ta sassauta. Wannan kuwa tsoro ne a idonsa.

In aka bar shi da yunwa ai zai ci, ko ba haka ba?

A'a, kuma wannan ita ce shawarar da na fi jin tsoronta. Tana aiki a kan yara da yawa, shi ya sa ta yaɗu. Amma wasu masu galahanga ba sa gane alamar yunwa a jikinsu yadda muke ganewa, wasu kuma sun gwammace yunwar da abin da ke gabansu. Yaro zai iya wuni bai ci komai ba, ya dawo gida a galabaice, ko ya kasa zama a aji bayan tara a ce ya cika rigima. Abincin da ya yarda da shi dole ya kasance a kularsa kullum, kuma ya ƙoshi. Kayan lambu ƙari ne a gefe, ba a musanya su da abincinsa.

Malama ta ce za ta riƙe shi ta ba shi a baki. Mu yarda?

Kada ku yarda. Mun gaji ɗura daga iyaye da kakanni, a toshe hancin yaro a kwarara masa koko, kuma da yawanmu mun tashi muna ganin kulawa ce. Haɗarinta na farko shi ne abinci ya bi hanyar iska ya faɗa huhu. Na biyu kuma, wanda ya fi daɗewa, shi ne yaron ya haɗa abincin da azaba a ransa. Cokali ɗaya na alayyafo da aka tura masa da ƙarfi zai iya sa ya ƙi duk wani abu kore na shekaru, ya ƙi malamar, har ya ƙi makarantar.

Tsawa, bulala, hana shi fita wasa sai ya cinye, da tsayar da shi gaban aji ana cewa "ku dubi wanda ba ya cin miya", duk 'yan gida ɗaya ne da ɗura. Akwai ƙa'idar da masaniyar abinci Ellyn Satter ta shahara da ita, kuma ta dace da nan: babba ne ke yanke abin da za a kawo, da lokacin, da wurin, yaro kuma shi ke yanke ko zai ci da yawan da zai ci. Malamar da ta ce za ta ɗura masa yawanci tausayi ne ya motsa ta, ta gaji da ganin sa da yunwa. Ku gode mata, ku nuna mata hanyar da ke cikin amsar matakan farawa a ƙasa.

Kayan lambu nawa ya kamata yaro ya ci a rana?

Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ta ce, idan aka haɗa kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, ɗan shekara 2 zuwa 5 yana buƙatar aƙalla giram 250 a rana, ɗan 6 zuwa 9 giram 350, daga shekara 10 zuwa sama kuma giram 400. Ku san wannan adadi, amma kada ku rataya shi a wuyan yaron da bai taɓa haɗiye yankan karas ba. Ma'auninsa shi ne inda yake a watan jiya. Ku lura kuma cewa lissafin ya haɗa da 'ya'yan itatuwa, don haka yaron da ke shan kankana, lemo, gwanda ko mangwaro ya riga ya samu wani kaso na bitamin da muke nema a ganye.

Me ya sa za a sa makaranta a ciki? Ba aikin gida ba ne?

Makaranta tana da abin da gida ba shi da shi. Lokacin tara ba ya canzawa, kuma yaro mai galahanga yana samun natsuwa da tsari. Akwai sa'anninsa suna ci yana gani. Sannan malama ba ta ɗauke da shekarun faɗa da kuka da suka taru tsakanin uwa da ɗa a kan kwano. Ana samun yaron da ya ƙi wani abu a hannun mahaifiyarsa ya karɓa a hannun malama, kuma bai kamata uwa ta ji ciwon haka ba.

Amma makaranta tana da nata nauyin, kuma sai an fara sauke shi. Idan yaron ko abincin da yake so ba ya ci a makaranta, maganar ganye ba ta taso ba tukuna. A fara da amsar da ke biye.

Yana ci a gida amma a makaranta ko buɗe kular ba ya yi. Me ke faruwa?

Ku je ku tsaya a ajin lokacin tara sau ɗaya. Yara sittin sun buɗe kuloli lokaci guda: warin kifi, daddawa, manja, dafaffen ƙwai, ga ihu, ga ƙarar benci, ga hannuwa suna kawo masa wawa. Wanda hancinsa da kunnensa suka fi na kowa ji, ba ya da sauran wurin da zai sa abinci.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A ba shi wurin zama ɗaya da ba ya canzawa, a gefe, kusa da taga ko a baranda, bayansa ga bango. A bar shi ya fara minti biyar kafin sauran, ko ya ci tare da yaro ɗaya ko biyu masu natsuwa. Kwanonsa da cokalinsa na gida su biyo shi. Ƙafarsa ta taɓa ƙasa idan ya zauna, domin yaron da ke lilo a kan dogon benci hankalinsa na kan kada ya faɗi. Tabarma ta fi. A sanar da shi kafin lokaci, da magana ko da hoto: wanke hannu, ci, wasa. Wasu yaran kuma murfin kular ne kawai ya gagare su, ba su da bakin neman taimako. A ware shi don ya samu sauƙi, ba don a raba shi da jama'a ba, kuma in ya saba a riƙa matso da shi a hankali.

To daga ina za a fara da kayan lambun kansu?

Ci shi ne mataki na ƙarshe, ba na farko ba. Masu aikin koyar da yara cin abinci, irin su Kay Toomey ta Amurka, sun rarraba hanyar zuwa ƙananan matakai masu yawa, amma jigonsu shida ne: ya jure ganin abin a kusa da shi, ya yi hulɗa da shi da cokali ko tsinke, ya shinshina, ya taɓa da hannu har zuwa leɓe, ya ɗanɗana da harshe, sannan ya tauna ya haɗiye.

A aikace, a zaɓi abu ɗaya tak. A ce karas. A sa yanka ɗaya, ƙarami kamar ƙwayar wake, a wani ɗan murfi dabam, ba a cikin abincinsa ba. Rana ta farko murfin yana iya zama a ƙarshen tebur. In bai damu ba, gobe a matso. Malama ta ci nata a gabansa tana faɗin abin da ke akwai: "Wannan ja ne, yana ƙara, ƙaras-ƙaras." Ba ta ce "ci mana" ba, ba ta ce "akwai daɗi" ba, don daɗi a bakinta ne. Za ta iya cewa ya zuba mata a kwano, ya ƙirga, ya jera. Kuma a ajiye masa wurin tofarwa, a gaya masa an yarda ya tofar. Wannan ƙaramin izini yana da girma ƙwarai, domin yaro ya fi yarda ya sa abu a baki idan ya san akwai hanyar fita.

Minti biyar ya isa. In ya fara kakari, ko ya juya kai, ko ya toshe kunne, an yi sauri ke nan, a koma matakin jiya ba tare da faɗa ba. Wasu yaran sun fi sakin jiki idan aka yi wannan wasa a wani lokaci dabam da na cin abinci, a darasin ƙirga ko zane.

Wane irin kayan lambu ya fi dacewa a fara da shi?

Ba wanda ya fi amfani a jiki ba, wanda ya fi kama da abin da yake ci yanzu. Ku rubuta duk abincinsa ku duba abin da ya haɗa su. Akwai mai son abu mai ƙara a baki, akwai mai son laushi sumul, akwai wanda launi ne ke masa jagora. Daga nan sai a yi gada, kowane taki da ɗan canji kaɗan.

Mai son cincin, ƙuli-ƙuli da soyayyen dankalin Turawa, a matsa da shi zuwa soyayyen dankalin Hausa da aka yanka da siffa ɗaya, daga nan zuwa mai jan ciki in ana samu, wanda ke da bitamin A sosai, sannan karas da aka yanka dogo-dogo aka ɗan soya, a ƙarshe ɗanyen karas ko kokwamba da aka fere aka cire 'ya'yan. Mai son koko, kunu da fate kuwa, kabewa ce ƙofarsa: tana da zaƙi, tana narkewa, ba ta da zare in an tace. Mai cin ƙosai ko alala za a iya nuna masa wanda aka sa ɗan jajjagen tattasai mara yaji ko gurzajjen karas. Mai son ƙuli-ƙuli yana da hanya zuwa kwaɗo: garin ƙulin shi kaɗai, sai a dangwala yankan kokwamba a ciki, daga baya kabeji, zogale da rama kuwa sai can gaba don baurinsu da tsaminsu.

Kada mu raina abin da ke tukunyarmu. Yaron da ke cin tuwo da miyar kuka ganye yake ci, ganyen kuka ne aka busar aka daka. Mai cin ɗanwake ma haka, akwai kuka a ƙullinsa. Na sha jin uwa tana cewa ɗanta ba ya cin ganye ko kaɗan, da aka bincika ashe kullum da dare miyar kuka yake sha. Abin da take nufi shi ne ba ya cin latas da kabeji irin na hoton littafi. Miyar taushe, busasshiyar kuɓewa, jar miyar da aka markaɗa ta yi sumul, duk suna cikin lissafi.

Zan iya ɓoye ganye a cikin abincin da yake so?

Da taka-tsantsan sosai, kuma ni ban ba da shawarar a yi a kular makaranta ba. Yawancin waɗannan yara suna gane canjin da babba ba zai gane ba. In ya tsinci koren abu a cikin Indomie ɗinsa, zai iya barin Indomie gaba ɗaya, kuma in abincinsa kala biyar ne, an koma huɗu. Garin neman gira an rasa ido. A makaranta kuma ba kya nan da za ki ba shi wani abu, sai ya wuni da yunwa.

In za a gwada, a yi a gida ranar da babu makaranta, a cikin abin da dama gauraye yake kamar miya, da ɗan kaɗan ƙwarai. Kuma a sani cewa ɓoyewa tana ƙara masa sinadari ne kawai, ba ta koya masa cin karas ba. In ya tambaya, a gaya masa gaskiya. Yardar da ya ba mai zuba masa abinci ita ce jarin da duk sauran matakan ke tafiya a kai.

Ya halatta a ba shi lada in ya ɗanɗana?

E, in an iya. Akwai shirin makarantu mai suna Food Dudes da masana halayyar ɗan Adam na Jami'ar Bangor da ke yankin Wales suka tsara, wanda ƙasar Ireland ta yaɗa a makarantun firamarenta. Ya tsaya a kan abu uku: yara su ga wasu yara suna ci, su ɗanɗana sau da yawa, su samu ƙaramin tukwici. An tsara shi ne don yara gaba ɗaya, amma ginshiƙansa suna amfani a nan in aka rage gudu.

Ladan ya zama na matakin da yaron yake, ko da taɓawa ce kawai, kuma ya zo nan take. Ya zama abin da shi yake so: tauraro a littafi, minti biyu da motar wasansa, jera murafen kwalba. Kada ya zama alawa, kuma kada a ce "sai ka ci ganye za ka samu shinkafarka", don wannan ya koma horo da yunwa da aka yi magana a kai a sama. A kula da tafi da shewa. Wani yaron in aji ya ɗauki tafi don ya lasa tumatir, ba zai sake lasa ba. "Na gani, ka taɓa" cikin murya ƙasa-ƙasa ya wadatar.

Ajina yara sun fi saba'in. Ina zan samu lokacin yaro ɗaya?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba wanda zai ce malami ya bar saba'in ya zauna da ɗaya. Mafita ita ce abin ya zama na aji duka. Rana ɗaya a mako a kawo abu ɗaya, gauta ko karas ko kokwamba, a yi ƙirga da shi, a faɗi launinsa, a zana shi, mai so ya ɗanɗana. Yaronmu yana ciki ba tare da ido ya dawo kansa ba. Sauran ranakun, minti biyar ɗin za a iya danƙa wa mai kula da yara ko wani malami da yaron ya saba da shi, muddin mutum ɗaya ne kuma salonsa ɗaya.

In akwai ɗan fili da ruwa, lambun makaranta ya fi kowace dabara. Alayyafo yana isa yanka cikin 'yan makonni, ko a tsohon bokiti ne. Ban ruwa aiki ne mai tsari da ake maimaitawa kullum, irin wanda yara masu galahanga da yawa ke so, kuma mai ban ruwa yana taɓa ganye yana jin warinsa ba wanda ya ce masa ya ci. Sai dai a sa ido a kan yaron da ke kai ƙasa ko tsakuwa baki. Duba amsar zuwa asibiti.

Makarantarsu ana dafa wa yara abinci, an ce ba a zuwa da na gida. Yaya za mu yi?

Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayyar Najeriya, wanda aka ƙaddamar a 2016 don 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, ya fara ne da naira 70 a kan kowane yaro, kuma tukunya ɗaya aka riƙa dafa wa kowa. Haka yake a makarantun kwana da makarantun kuɗi masu girki. Mai dafa wa ɗaruruwa ba za ta yi wa yaro ɗaya girki dabam ba, amma za ta iya abu biyu masu sauƙi: ta ɗebar masa shinkafa kafin a zuba miya, ta sa miyar ko ganyen a gefe, kuma a sanar da iyaye jadawalin mako don a shirya shi tun daga gida.

Game da hana abincin gida, ku samu shugaban makaranta cikin mutunci, da takardar likita in akwai. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta amince da haƙƙinsu na ilimi ba tare da wariya ba. Yaron da ba zai iya cin abin da aka dafa ba, barin sa ya zo da kularsa yana cikin abin da zai sa ya iya zaman aji.

Yaya iyaye da malamai za su riƙa tafiya tare?

Ƙaramin littafi a cikin jakarsa ya isa, ko saƙon WhatsApp. Uwa ta rubuta a shafin farko abin da yake ci, yadda yake son sa, abin da ke sa shi amai, da duk abincin da jikinsa ba ya karɓa. Malama ta riƙa rubuta layi ɗaya: "Yau ya ɗauki karas da hannu ya ajiye." A daina tambayar "ya ci?" a bakin ƙofa a gabansa, domin yana ji ko da ba ya magana. Abu ɗaya ake aiki a kai a gida da makaranta, da yanka iri ɗaya, har a wuce shi.

Har yaushe za mu jira kafin mu ga canji?

A yaran da ba su da wata lalura, bincike ya nuna sabon abinci yakan buƙaci a gabatar da shi sau takwas zuwa goma sha biyar kafin a karɓe shi. Mai galahanga yakan buƙaci fiye da haka nesa ba kusa ba. Zango guda a kan abu ɗaya ba abin mamaki ba ne. Koma baya ma yana cikin tafiyar: zazzaɓi, sabon malami, canjin aji, dogon hutu, duk suna iya mayar da shi baya. Ba a rasa abin da aka koya ba, yawanci hawa na biyu ya fi sauri. In an yi makonni da yawa ko kallon abin ba ya yi, a canza zuwa wani. Akwai abincin da mu manya ma ba ma ci har mu tsufa.

Yaushe ne abin ya wuce dabarar gida da makaranta, sai asibiti?

Idan yana ramewa ko ya daina girma. Idan abincinsa na ta raguwa har ya kusa ƙarewa. Idan yana yawan ƙwarewa, tari lokacin ci, ko tara abinci a kumatu ba ya haɗiyewa. Idan dasashinsa na kumbura yana jini, ko ya fara ɗingishi yana ƙin tafiya, domin likitoci sun sha ba da rahoton ciwon ƙarancin bitamin C a yara masu galahanga da abincinsu ya ƙuntata. Idan yana laluben hanya da magariba, wato dundumi, alamar ƙarancin bitamin A. Idan tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko yana cin ƙasa, alli ko gawayi, a auna jininsa.

A duba ciki da baki ma. Taurin bayan gida ya yi yawa a waɗannan yara, kuma yaron da cikinsa ya cushe ba ya marmarin komai. Haƙori mai rami yana sa a guji duk abin da ake taunawa, kuma wanda ba ya magana ba zai ce yana ciwo ba. Magungunan da likita kan rubuta wa wasu yaran ma suna taɓa ci: risperidone yana buɗe ciki ya sa ƙiba, methylphenidate kuma yana rage sha'awar abinci daidai lokacin makaranta. Kada a tsayar da magani sai da likita.

A fara da likitan yara. Manyan asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, su ne wuraren da aka fi sa ran samun ƙwararru ko a tura ku inda suke. Ku tafi da littafin nan na malama, zai taimaki likita fiye da abin da za ku iya tunawa a tsaye.

An ce zogale yana maganin galahanga, wasu kuma sun ce a hana shi alkama da madara. Gaskiya ne?

Zogale abinci ne mai kyau, amma ba ya warkar da galahanga, kuma babu wani ganye ko gari da ke yin haka. Galahanga yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne, ba abinci ne ya kawo ta ba, ba kuma laifin uwa ba ne. Muna son ya ci ganye ne don dalilin da muke son kowane yaro ya ci: ido, jini, ciki, garkuwar jiki. Hana alkama da madara kuwa, hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ce tun 2013 kada a yi amfani da shi a matsayin maganin alamomin lalurar. Yaron da rabin abincinsa burodi ne da shayi da madara, in aka cire su me ya rage? Sai dai in likita ya tabbatar jikinsa ba ya karɓarsu, wannan magana ce dabam.

Akwai abin kiyayewa wajen ba shi ɗanyen kayan lambu?

Akwai biyu. Na farko tsafta: latas, kabeji da karas na lambun rani wani lokaci da gurɓataccen ruwa ake ba su, don haka a wanke da ruwa mai tsafta sosai, abin da ake ferewa a fere. Gudawa ɗaya bayan cin kokwamba za ta iya rufe ƙofar kokwamba na dogon lokaci. Na biyu shaƙewa: ɗanyen karas mai tauri da duk abu mai siffar ƙwallo haɗari ne ga ɗan ƙasa da shekara biyar da kuma wanda bai iya tauna sosai ba. A gurza, ko a dafa ya yi laushi, kuma ya ci a zaune, babba na kusa.

Ya fara cin karas, sai lokacinsa ya wuce ya yi tsada. Mu bari sai baɗi?

Kada a bari ya yanke gaba ɗaya, don abin da ya ɓace daga idonsa na wata shida yana iya dawowa a matsayin baƙo. Ko guda ɗaya aka saya, a yanka masa kaɗan sau biyu a mako, ya isa ya riƙe sabo. Tun karas yana araha a lokacin sanyi ya kamata a fara gina gada ta gaba, a duba abin da zai shigo kasuwa: da damina ga alayyafo, rama, zogale da ɗanyar kuɓewa, da kaka ga kabewa, wadda ke daɗewa a ajiye ba ta lalace ba. Launinta ya yi kusa da na karas, don haka a yanka ta da siffar da ya saba, a dafa ta kada ta narke, a ajiye a murfin nan nasa kusa da yankan karas ɗin.